Faifai Na Biyar

Abubuwa da yawa na zamanmu a Alƙahira sun gushe mini. Na manta lambar gidan, na manta sunan titin, fuskar likitan ma ta fara ɓacewa. Amma abin da ya faru tsakanina da matata a kan wani gwangwanin fim mai lamba biyar, wannan kam da shi za a sa ni a kabari. Zan faɗe shi daki-daki yadda ya faru, domin ban iya ba da labari a hargitse ba.

Da farko sai na faɗi ko ni wane ne. Karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare, na ƙara shekara biyu, mahaifina ya rasu na fito neman abin yi. Shekara ashirin da shida na yi ina kula da sito a wani kamfanin auduga a Gusau. Aikina shi ne kowane kaya ya zauna a gurbinsa, wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Haka na tafiyar da gidana ma. Lokacin abinci sananne ne, wurin ajiye takalmi sananne ne. Ban taɓa dukan kowa ba, amma idan na shigo hira takan yanke.

Na biyu, matata. Mace ce mai baki, mai ban dariya. Idan ta je biki ta dawo, sai ta kwaikwayi tafiyar kowa da maganar kowa har yara su riƙe ciki. Shekara biyu kafin tafiyarmu sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma jinta ya tafi. Ba ta daina magana ba a lokacin, sai dai tunda ba ta jin muryarta, takan ɗaga ta fiye da kima. Ni kuma na sayi ƙaramin littafi, duk abin da nake so ta sani sai in rubuta in miƙa mata.

Wata rana muna zaune a layin ganin likita a Kano, wuri cike da jama'a, ta dube ni ta ce da ƙarfi, "Malam, yau kai ne da riga a baibai?" Gaskiya ta faɗa, a baibai take. Mutane suka fashe da dariya. Na ciro littafin na rubuta, "Ki yi shiru. Kina ba ni kunya." Ta karanta sau biyu, ta mayar mini. Daga ranar magana ta ƙare a tsakaninmu. Idan na rubuta sai ta gyaɗa kai ko ta girgiza. A lokacin na ɗauka na samu sauƙi. Sai da watanni suka ja na gane gidan ya zama kamar sito bayan an tashi aiki, kuma ban san hanyar da zan bi in janye abin da na rubuta ba.

Na uku, tafiyar. A watan Maris na 2014 yayanta ya ɗauki nauyin kai ta Masar a duba kunnen, ni na raka ta. Wani malami ɗan garinmu da ke ƙaro karatu a can ya samo mana ɗaki a unguwar Ainu Shams, a bene na biyu, kusa da tashar jirgin ƙasa na cikin gari. Likita ya ce kunnen dama ya riga ya mutu, na hagu za a yi ƙaramin aiki a gwada na'ura, amma sai mun zauna wata biyar ana dubawa. Daren farko na zana jadawali na manna a bango: salla, magani, abinci, asibiti, hutu. Babu gurbin da na bari fanko.

A ƙasan benen akwai wani tsoho mai gyaran keken ɗinki. A masallaci na fara jin ya yi mini Hausa, wata irin Hausa mai nauyi da Larabci a cikinta. Ya ce kakanninsa daga ƙasar Katsina suka taso a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Shi a can aka haife shi, ya yi ƙuruciyarsa yana haska fim a gidan silima, daga baya ya dawo Alƙahira. Yana zaune da 'yarsa, bazawara ce da ta girmi matata. Ina ce masa Baba, shi kuma ya ce mini ɗana, duk da furfurar da ke gemuna.

'Yar tasa ce ta fara hawowa da shayi tana zama da matata. Ban hana ba. Wata ranar Talata bayan la'asar na dawo daga sayen magani na tarar ɗakin babu kowa, ga shi lokacin shan magani ya wuce da minti goma. Na sauko raina a ɓace. Ina isa ƙofar Baba na ji dariya. Na tsaya da ledar magani a hannu. Dariyar matata ce, irin wadda take yi har numfashi ya sarƙe mata. Rabon da in ji ta kusan shekara biyu.

Na yi sallama na shiga. An rataya bargo a taga, ɗakin ya yi duhu. Baba na zaune kusa da wani ƙaramin injin majigi yana juya hannunsa kamar mai markaɗe, haske na fita yana sauka a kan farin zane da aka kafa a bango. Hoton baƙi da fari ne, babu sauti ko kaɗan sai ƙarar injin. Matata na zaune a tabarma, ta miƙa wuya gaba. Ba ta san na shigo ba.

Abin da ke kan zanen shi ne wani kwandasta na ƙaramin jirgi mai bin tsakiyar titi, wanda Baba ke kira turmai. Mutum ne sandararre, maɓallan rigarsa a jere, hularsa a miƙe. Sai wata budurwa mai wanki da guga da ke shiga jirgin kowace safiya da ƙaton kwando. Kwandastan ya nuna mata doka a jikin bango, cewa kwando mai wannan girma ba ya shiga. Washegari ta dawo ta ɗaura wa kwandon mayafi, ta kifa masa hular tsofaffi, ta zaunar da shi a kujera ta yankar masa tikiti. Kwandastan ya zo ya cire hula ya gaida kwandon da ladabi.

A nan ne matata ta yi magana, da wannan murya tata mai cika ɗaki.

"Ya sani. Ku dubi gefen bakinsa. Ya san kwando ne, so yake ta ci gaba da zuwa."

Baba ya juyo ya gan ni, ya yi mini alama da ido in zauna. Na zauna a bakin ƙofa. Ni ban ga komai a gefen bakin mutumin ba. Ita ta gani. Har faifan ya ƙare tana ta fassara mana: wannan kunya yake ji, waccan ƙarya take yi, wannan tsohon da ke baya ya gane komai. Wani lokaci rubutun Faransanci yakan fito a tsakiya, babu wanda ya iya karanta shi a cikinmu, babu kuma wanda ya nemi a karanta. Da aka yaye bargon ta gan ni, sai ta rufe baki da mayafi. Na miƙa mata maganin ban rubuta komai ba. Da muka hau sama na ɗauki biro na ƙara layi a jadawali: Talata da Alhamis, bayan la'asar, majigi.

Ni ba mai kallon fim ba ne, har yanzu ma. Na tambayi Baba dalilin da dattijo kamarsa zai tara wannan tarkace, don gwangwanayen sun cika ƙarƙashin gado da saman kabad. Ya ce waɗannan finafinai ne na ƙarshen zamanin da ba a iya sa murya a fim ba. A 'yan shekarun nan na ƙarshe masu yin su sun gama ƙwarewa, sun koyi faɗin komai da ido da kafaɗa da yadda mutum ke riƙe hula. Suna kai wa nan sai aka ƙirƙiro mai magana, aka watsar da su kamar ba a taɓa yi ba. Da yawa an ƙone, da yawa sun ruɓe. Waɗanda suka rage ƙanana ne da attajiran Alƙahira na da suke saya don kallo a gida, kuma sai dattijon gida ya mutu jikoki sun zubar da kaya suke fitowa kasuwa. Ya ce ya fi son na soyayya masu ban dariya, domin a cikinsu babu wanda ke mutuwa, wahalar duk ta mutum biyu ce da suka kasa faɗa wa juna abu ɗaya.

Ya koya mini yadda masu tara su ke dubawa. Da farko a shinshina, in an ji warin tsami kamar ruwan kal, faifan ya fara mutuwa. Sannan a duba hujojin da haƙoran inji ke kamawa, ko sun yage. Sannan a ɗaga zirin fim ɗin a haske a ga ko ya karce. Sannan takardar jikin gwangwani, don akwai masu sayen gwangwani fanko saboda takardar kawai. Akwai wani Bamisire mai tabarau da ke zuwa daga wancan ƙetaren kogi duk wata yana lallashinsa ya sayar. Baba yakan ba shi shayi ya ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, sai wani jiƙon. Ya ce mini mutumin nan ba ya kallo, jerawa kawai yake yi a kabad mai gilashi.

Wannan bayani ya shige ni, domin aikin sito ne sak. Na dubi gwangwanayen a hargitse, wasu a kife, wasu babu murfi, na ce ya ba ni dama in tsara masa su. Ya yi dariya ya ce yalla, wato in fara. Kwana uku na yi. Na goge kowanne, na haɗa 'yan gida ɗaya wuri ɗaya, na rubuta su a takarda. A ranar ta uku na zo kan fim ɗin kwandasta. Ga na ɗaya, ga na biyu, ga na uku. Na biyar na same shi shi kaɗai a cikin wata tukunyar ƙasa a bayan ƙofa. Na huɗu babu.

Na tambayi Baba. Ya ce ai bai taɓa samun na huɗu ba, haka ya saye su shekaru da yawa da suka wuce. In ya zo wurin yakan ce wa masu kallo, to bayan kwana biyu, sai ya ɗora na biyar. Babu wanda ya taɓa lura. Na ce wannan ai ha'inci ne. Ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ya tashi da fushi ba. Game da tukunyar kuma, ya ce na biyar ya fara tsami, shi ya sa ya ware shi kada ya shafa wa 'yan'uwansa.

A wannan makon muka kalli na uku. Wani mai mota ya fara ɗaukar budurwar da kwandonta, ta daina shiga jirgin. Kwandastan ya riƙa kallon kujerar da kwandon ke zama. A ƙarshen faifan ya hango ta a gefen titi, ya ja igiya ya tsayar da jirgin a inda babu tasha, abin da bai taɓa yi ba, ya sauka da hular tsofaffin nan a hannu ya bar fasinjoji suna leƙe. Nan zirin ya ƙare, zanen ya koma fari.

Matata ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo bawan Allah, za su kore shi a aiki." Sannan ta juyo ta dube ni, ni kaina, ta ce, "Malam, ranar Alhamis mu sauko da wuri."

Wannan ce magana ta farko da ta yi mini kai tsaye tun ranar layin asibiti. Da ina da hankali da na riƙe ta hannu bibbiyu. Maimakon haka, da muka hau sama na rubuta mata cewa akwai faifai ɗaya da ya ɓata a tsakiya, zan nemo shi, sannan mu kalli na huɗu da na biyar a jere. Ta karanta ta ɗaga kafaɗa, alamar to.

Na gaya wa kaina kyauta zan yi mata. Na ce tunda na kasa ba ta haƙuri da baki, bari in ba ta labarin nan cikakke, babu giɓi. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiyar. Ɗaya rabin shi ne raina ba zai iya zama in ga an tsallake lamba ba. Na sauka na roƙi Baba kada ya haska na biyar sai na kawo na huɗu. Ya dube ni ya ce:

"Ɗana, takardar sunan ta yage tun kafin in saye shi. Ni kaina ban san sunan fim ɗin ba. Me za ka ce wa 'yan kasuwa?"

Na ce zan kwatanta musu.

"Kuma na biyar ba zai jira ka ba. Zafi na tafe."

Na ce makonni kaɗan ne. Ya ce matata ce, ni zan yanke, shi kuma ba ya musu da baƙo. Ya mayar da gwangwanin cikin tukunya.

Haka na shiga nema. Kowace Juma'a da sassafe ina kasuwar tsofaffin kaya da ke ci a gefen maƙabarta, in dawo kafin salla. Ranar Asabar ina wurin masu tsofaffin littattafai a unguwar Ataba. Larabcina na salla ne, don haka na zana kwando da hula a takarda, na rubuta lamba huɗu a ƙasa, ina nunawa. Wasu su yi dariya, wasu su kawo mini kwando na gaske. Wani ya ce in dawo gobe, na dawo goben har sau huɗu. Na shinshina gwangwanaye sun fi a ƙirga, har na iya gane mai tsami tun kafin a buɗe. Ban ɓoye ba, neman ya yi mini daɗi. Na fahimci abin da ke kama masu tara kayan nan: kullum gani kake na gaba ne naka.

A mako na shida na samu gwangwani irin nasu sak, launi ɗaya, girma ɗaya, da lamba huɗu a jiki. Ban tsaya ɗaga zirin a haske ba. Na dawo a jirgi na rungume shi kamar jariri. Na tara kowa, aka rataya bargo duk da ba ranar majigi ba ce. Baba ya fara juyawa. Sai ga wani ƙaton Bature da gajeren wando yana koya wa mutane yadda ake iyo, a kan tebur, yana ta harba ƙafafu. 'Yar Baba ta kwanta a tabarma don dariya. Matata ma ta yi, har da hawaye. Ni kaɗai ne ban yi ba.

Da dariyar ta lafa, matata ta share ido ta ce, "Malam, ka yi ƙoƙari. A sa mana na biyar ɗin haka nan."

Baba ya riga ya kai hannu wajen tukunyar. Ni kuwa kunya ce ta cika ni, ga gajiya, ga dariyar da aka yi. Na ciro littafin na rubuta, "Huɗu kafin biyar." Na miƙa mata a gaban mutane.

Ba ta yi musu ba. Ta gyaɗa kai.

Mun ci gaba da sauka Talata da Alhamis, Baba na haska wasu finafinan. Akwai masu kyau a ciki. Amma fassarar matata ta riƙa raguwa. Da farko takan yi magana nan da can, daga baya sai murmushi, daga baya sai ta zauna kawai. Na lura, sai na ƙara ƙaimi wajen nema, a tunanina maganin ke nan. Sau ɗaya ta sake tambaya, ana gobe za a yi mata aikin kunnen. Na rubuta mata cewa saura kaɗan. Daga baya 'yar Baba ta gaya mini ta sha ce mata su kalla a ɓoye idan na tafi kasuwa, matata ta ƙi. Wai ta ce tare muka fara, kuma tana so ta ga fuskata idan kwandastan ya isa wurin yarinyar.

Azumi ya zo cikin tsananin zafi. Shekarar ana yawan ɗauke wuta, fanka ta tsaya, bango ya yi zafi kamar tanda. Aka dakatar da majigi. Aikin kunnen bai ba da abin da aka so ba. Da na'urar tana jin ƙarar mota da bugun ƙofa, amma magana sai dai gunji. Bayan ƙaramar salla likita ya ce kalas, abin da za a iya ke nan, mu koma gida. Aka sa mana ranar tafiya.

Saura kwana biyu na sauka wurin Baba da hantsi na ce a haska na biyar. Ban ce na yi kuskure ba, na ce lokaci ne ya ƙure. Ya miƙe ya nufi tukunyar. Na hau na kamo hannun matata muka sauko. 'Yarsa ta rataya bargo. Baba ya ɗauko gwangwanin, yana buɗewa warin ya buge mu har sai da na kau da kai. Zirin ya kumbura, ya manne da juna ya zama dunƙule ɗaya, gefensa ya yi wani danƙo mai ruwan ƙasa. Ya sa farce a hankali ya ɗago bakinsa. Kamar kamu biyu ya warware, sannan ya tsinke a hannunsa.

Ya ce a yaye bargon. Ya miƙa wa matata guntun, ya nuna mata taga. Ta ɗaga shi a haske, na matso ina kallo ta bayan kafaɗarta. Hotuna ne ƙanana, kowanne bai kai farcen ɗan yatsa ba. Da ƙyar na gane ƙofa, da mutum tsaye a gabanta babu hula, hannunsa a sama zai ƙwanƙwasa. Hoton farko hannun na sama. Na ƙarshe ma hannun na sama, ya ɗan matsa kaɗan. Iyakar abin da ya rage ke nan.

Baba ya ce ya kalli faifan nan ya fi sau talatin, zai faɗa mini yadda ya ƙare in rubuta mata. Na ji kamar an ba ni mafita. Na ciro littafin da sauri na rubuta mata tayin da ya yi. Ta karanta, ta rufe littafin, ta riƙe shi ba ta mayar mini ba. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba, ban san yadda aka yi ta iya ba.

"Malam, abin da likita ya ce sai ka rubuta mini. Abin da yara suka faɗa a waya sai ka rubuta mini. Ko liman ya yi kuskure a salla sai na ga mutane sun motsa. Wannan kaɗai ne nake gani da idona ba sai na jira kowa ba. Kada ka rubuta."

Na tsaya babu littafi a hannuna, babu abin da zan yi da hannun. Shekara biyu ban taɓa gwada yi mata magana ba tare da biro ba. Na cire hulata. Na dafa ƙirjina, na sunkuyar da kai, na daɗe a haka, a gaban Baba da 'yarsa. Ban san ko na yi daidai ba, na san dai kunnuwana sun yi zafi. Da na ɗago tana kallon fuskata yadda take kallon zanen nan.

Ta ce, "Na gani."

Baba ya shiga neman wani abu a ƙarƙashin gado wanda na tabbata ba ya nan. Na ce masa ni ma kada ya faɗa mini ƙarshen. Ya ce tamam, shi ke nan. Guntun zirin ya ce ta tafi da shi, amma bai kai Gusau da hoto a jiki ba, ya narke a cikin takardar da muka naɗe shi.

Yau shekaru sun wuce. Muna nan tare, Alhamdulillahi. Tana yi mini magana, ni ma na koyi yi mata da hannu da fuska, duk da yara na cewa idan ina yi kamar mai ba motoci hannu. Amma wannan murya da ta cika ɗakin Baba tana gaya mana abin da ke zuciyar mutane, ba ta dawo da ƙarfinta ba. Wata uku na samu in saurare ta, na ɓatar da su a kasuwa. Babban ɗanmu ya nemo mata irin finafinan a waya, takan kalla ta yi murmushi ta ajiye. Na kwandastan ba a same shi ba, tunda babu wanda ya san sunansa. Baba kuma labari ya zo mana ya rasu shekara biyu bayan dawowarmu, Allah ya jiƙansa. Ban san inda gwangwanayen suka tafi ba. Wani lokaci bayan la'asar, idan maƙwabcinmu tela ya fara taka kekensa, sai in ji kamar in na juya zan ga bargo a taga da ƙura na yawo a cikin haske, da matata ta miƙa wuya gaba.

Abin da na koya guda ɗaya ne, kuma na koye shi a makare. Tsari na kaya ne, kaya suna iya jira a gurbinsu. Farin cikin mutum ba ya jira. Idan wanda kake ƙauna ya miƙo hannu yana son abin da ke gabanka, ka ba shi a ranar, ko da da giɓi, ko da ba a bi lamba ba. Har yanzu ni mai tsari ne, ba zan yi ƙarya ba. Amma jiya jikata ta zauna cin tuwo, ta fara kai hannu kan naman tun ba ta taɓa tuwon ba. Uwarta ta buɗe baki za ta tsawata, ta dube ni tana jiran in goya mata baya. Na tura wa yarinyar kwanon gabanta.